Raunin da Ba Ya Shiga Rajistar Aji

Galibin zamanmu a wannan zaure kan albashi ne da ƙarin girma da haƙƙin waɗanda suka ajiye aiki, kuma duk abubuwa ne da suka cancanci zama. Yau kuwa muna neman izini mu yi magana a kan waɗanda saboda su aka ɗauke mu aiki.

Za mu fara da labarin wata yarinya da muka koyar a aji shida. Ba za mu faɗi sunanta ko na makarantar ba. Iyalinta sun taso ne daga wani ƙauye bayan 'yan bindiga sun shiga da dare sun tafi da mahaifinta a gaban idonta. Yarinya ce mai shiru, mai tsabtar rubutu, wadda duk malami zai so a ce irinta sun cika masa aji. Sai dai akwai abubuwan da muka gani ba mu karanta ba. Takan goge layi ɗaya har takarda ta huje. Kusan kullum kafin tara takan ce cikinta na ciwo, ta nemi izinin zuwa gida, ashe so take ta je ta tabbatar mahaifiyarta tana nan. In an buga ƙofa da ƙarfi sai ta zabura. Takan yi gyangyaɗi bayan tara, kuma a kan gyangyaɗin nan mun sha yi mata bulala. Wata rana a wajen alwala wata malama ta ga hannunta, ta ga tabo iri-iri, wasu sun warke wasu sababbi. Da aka keɓe da ita aka tambaye ta wa ya yi mata haka, sai ta ce ita ce. Aka ce don me? Ta ce in ta yi, abin da ke cikin ƙirjinta yakan lafa har ta samu barci.

Mu da muka yi zango biyu muna kiran sunanta kowace safiya tana amsawa, ba mu san komai ba. Rajista ta nuna ba ta taɓa fashi ba, alhali rabin hankalinta yana can ƙauyen da aka baro. Wannan ne ya sa muka shiga tambaya da karatu, kuma abin da muka samo shi muka kawo muku yau.

Abubuwa uku ne suka haɗu a yarinyar nan, kuma masana sun daɗe da lura cewa sukan zo a jere kamar zaren tasbaha. Na farko shi ne raunin zuciya na ƙuruciya, wato abin firgici ko wulaƙanci da ya fi ƙarfin yaro ya ɗauka. Na biyu ciwon fargaba mai game komai. Na uku cutar da kai, wato mutum ya ji wa jikinsa rauni da gangan.

Mu ɗauki na farko. A shekarar 1998 wasu likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, suka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a birnin San Diyego, wanda a ƙarshe ya ƙunshi manya fiye da 17,000. An tambaye su abin da ya same su kafin su cika shekara 18: duka mai tsanani, zagi da ƙasƙanci, lalata, rashin kulawa, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi ko mai taɓin hankali a gida, rabuwar iyaye, ɗaure wani na gida a kurkuku. Kusan biyu cikin uku sun ce aƙalla ɗaya ya same su, kimanin ɗaya cikin takwas kuma sun ce huɗu ko fiye. Da aka dubi lafiyarsu, sai aka ga gwargwadon yawan abin da ya sami mutum yana yaro, gwargwadon yadda haɗarin baƙin ciki mai tsanani da shaye-shaye da yunƙurin kashe kai, har ma da ciwon zuciya, yake hauhawa bayan ya girma.

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta yi bincike kan cin zarafin yara a Nijeriya. An samu cewa kimanin yara shida cikin goma sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su kai 18. Rabin yara sun sha dukan da ya wuce kima. Yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma an yi musu cin zarafi na lalata. Waɗanda suka sami wani taimako kuwa ba su kai biyar cikin ɗari ba. A kan wannan sai mu ɗora abin da muka shaida da idonmu: Chibok a 2014, Ƙanƙara a 2020, Jangebe da Tegina a 2021, Kuriga a 2024. Waɗannan su ne duniya ta ji. Akwai dubban yara da ba a sace su ba, amma sun kwana a daji, ko sun ga gawa, ko an sayar da gonar gidansu don biyan kuɗin fansa. Da yawansu yau suna zaune a kan bencinmu ko a ƙasan ajinmu.

To, yaya abin da ya wuce yake zama ciwo? Hausawa sun riga sun ba da amsa: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Allah ya halicci jikin ɗan'adam da mai gadi. Akwai wani ɗan sashe a cikin ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, aikinsa hango haɗari. Da ya hango, sai jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotizol, zuciya ta yi sauri, numfashi ya ƙaru, tsoka ta ɗaure, mutum ya shirya gudu ko faɗa, ko ya sandare wuri ɗaya. Wannan rahama ce, da ita ake tsira. In haɗari ya wuce, kuma akwai babban da zai rungumi yaro ya ce masa ya wuce, sai mai gadin ya koma ya zauna. Amma in firgicin ya yi tsanani, ko ya riƙa maimaituwa, ko kuma wanda ya kamata ya rarrashi yaron shi ne mai firgita shi, sai mai gadin ya daina zama. Ƙwaƙwalwar da ke kan girma ta koyi darasi guda: ba a san lokacin da masifa za ta faɗo ba, don haka kada a saki jiki.

Daga nan ake shiga mataki na biyu. Kowa yana fargaba, kuma fargabar jarrabawa ko ta ranar karɓar sakamako ba ciwo ba ce. Abin da likitoci ke kira ciwon fargaba mai game komai shi ne damuwar da ta wuce kima, wadda ba ta tsaya kan abu ɗaya ba, take zuwa a mafi yawan kwanaki har tsawon wata shida ko fiye, mai ita kuma ya kasa tsayar da ita. Yau tsoron faɗuwa jarrabawa, gobe tsoron uwa za ta mutu, jibi tsoron malam ya yi fushi, gata tsoron ruwa zai rushe ɗaki. Ana kawar da wannan wancan ya maye gurbinsa. Alamomi shida ake dubawa tare da ita: rashin natsuwa, saurin gajiya, kasa tattara hankali, saurin fushi, ɗaurewar tsoka, da rashin barci. Ga babba sai an samu uku, ga yaro kuwa ɗaya ta isa. Yara kuma ba kasafai suke cewa “ina cikin damuwa” ba. Cewa suke yi ciki na ciwo, kai na ciwo, ƙirji ya yi nauyi.

'Yan'uwa, mu sake duba alamomin nan shida da idon malami. Rashin natsuwa muna kiran sa ƙiriniya. Saurin gajiya muna kiran sa lalaci. Kasa tattara hankali muna cewa daƙiƙanci ne. Saurin fushi rashin kunya ne a wurinmu. Wanda bai yi barci da dare ba ya yi gyangyaɗi a aji, muna cewa ya raina malami. Kowace alama muna da sunan laifi da muka raɗa mata, kowane laifi kuma muna da hukuncinsa a jingine a bayan allo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba a duniya, miliyan 58 daga cikinsu yara ne da matasa. Ta kuma ce kimanin rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14. Wato suna farawa ne a hannunmu.

Mataki na uku shi ne ya fi wuyar fahimta ga mai lafiya. Me zai sa yaro ya cutar da jikinsa? Amsar da yarinyar nan ta ba mu ita ce amsar da masu bincike suka fi samu daga bakin matasa a ƙasashe da yawa. In damuwa ta cika ƙirji, babu bakin faɗa, babu kunnen ji, zafin jiki yakan janye hankali daga zafin zuciya, a samu sauƙi na ɗan lokaci. Wasu kuma firgici ya bar su kamar itace, ba sa jin daɗi ba sa jin zafi, sai su yi don su ji suna raye. Wasu hukunta kansu suke yi, domin an daɗe ana gaya musu su ba kowa ba ne har sun yarda. Sauƙin ba ya daɗewa. Kunya da ɓoyo su biyo baya, fargaba ta dawo da ƙarfinta har da ƙari, sai a koma. Da haka abin yake zama ɗabi'a. Yakan fara ne tsakanin shekara 12 zuwa 14, daidai shekarun 'yan aji shida da ƙaramar sakandare, kuma nazarin da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna kusan matashi ɗaya cikin shida ya taɓa yi. Ba yanka kaɗai ba ne. Akwai mai cizon kansa, mai buga kai da bango, mai tsige gashi, mai hana ciwo warkewa.

Akwai wani sakamako da ya kamata ya tsaya mana a rai. A 2018 mujallar likitoci ta Lancet Psychiatry ta buga wani nazari da ya haɗa bincike masu yawa kan alaƙar cin zarafin yara da cutar da kai. An samu alaƙar a kusan kowane nau'i, amma wanda ya fi ƙarfi shi ne cin zarafi na baki da zuciya: zagi, gori, ƙasƙanci, nuna wa yaro ba a son sa. Mu tuna kalmomin da ke fita daga bakinmu in rana ta yi zafi aji ya rikice. “Jaki.” “Ba za ka taɓa zama komai ba.” “Ɗan gudun hijira.” Shatar bulala kwana uku take yi ta baje, amma irin waɗannan kalmomi akwai dattawa a zauren nan da har yau suna iya faɗin malamin da ya jefe su da su da kuma ranar.

Wajibi ne mu yi adalci a nan. Ba duk yaron da ya ga tashin hankali ne zai kamu da ciwon fargaba ba, ba duk mai fargaba ne zai cutar da kansa ba, kuma akwai masu fargabar da ba abin da ya same su, gado ne da yanayin halitta. Haka nan cutar da kai ba ita ce yunƙurin kashe kai ba. Galibin masu yi neman hanyar jure rayuwa suke yi. Amma wanda ya saba da ita haɗarin ya kai ga yunƙurin kashe kansa ya fi na sauran yara nesa ba kusa ba, shi ya sa ba a ɗaukar ta da wasa, ba a kuma cewa neman suna ne.

Ga kuma abin da ke ƙarfafa gwiwa. Wata masaniya mai suna Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kawai na jihar Hawai, tun suna jarirai har suka manyanta. Daga cikin waɗanda suka taso cikin talauci da rikicin gida, kimanin ɗaya cikin uku sun girma lafiya lau, masu riƙon aiki da iyali. Da aka duba abin da ya bambanta su, ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne kowannensu ya sami wani babba da ya riƙe shi da amana: kaka, ko gwaggo, ko maƙwabci, kuma sau da yawa malamin makaranta. Mun daɗe muna cewa ɗa na kowa ne. Ga shi bincike na shekaru ya zo ya gaskata mu.

To me ke hannunmu? Ba mu zama likitoci ba, kuma kada mu ɗora wa yaro sunan ciwo. Aikinmu shi ne lura. Labarin zuciya a tambayi fuska. Yaron da ya sauya ba zato, mai surutu ya yi tsit, mai ƙoƙari ya koma baya, wanda kullum cikinsa ke ciwo an je asibiti ba a ga komai ba, wanda ba ya yarda ya naɗe hannun riga ko a wajen alwala, duk waɗannan tambaya suke nema kafin hukunci.

In mun ga tabo, abin da fuskarmu ta yi a daƙiƙar farko shi yaron zai riƙe. Kada mu yi salati da ƙarfi mu tara jama'a, kada mu kai maganar ofishin malamai ta zama abin hira, kada mu tsayar da shi a gaban asambuli. A keɓe da shi, yarinya kuma a haɗa ta da malama. A duba raunin a wanke, in ya yi zurfi a tafi asibiti nan take. A ce masa, “Na ga abin da ke hannunka, ba faɗa zan yi maka ba, me ke damun ka?” Sannan a yi shiru a saurara. Kada a sa shi rantsuwar ba zai ƙara ba, domin in ya ƙara zai ɓoye mana, mun rasa shi ke nan. Kada kuma mu yi alkawarin rufe sirrin gaba ɗaya. Mu gaya masa gaskiya cewa za mu nemo wanda zai taimaka, mu kuma shawarce shi kan wanda ya fi yarda da shi a gida. In alamu sun nuna a gidan ne ake cutar da shi, hedimasta da jami'an walwalar jama'a za a fara sanarwa. Kuma kada mu ji tsoron tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ya ce e, ba a barin sa shi kaɗai har sai an danƙa shi ga iyaye da ma'aikatan lafiya.

Ga iyayenmu da ke nan, mun san abin da ake fara faɗa in yaro ya shiga irin wannan hali: iska ce, ko sammu, ko baki. Ba mu zo mu raba kowa da addu'a ba, mu ma da ita muka dogara. Amma in yaro ya karye muna yi masa addu'a muna kuma kai shi wajen ɗori. Wannan ciwo ma yana da masana, kuma yana jin magani. Maganin da aka fi farawa da shi ga yara tattaunawa ce da ƙwararre, wanda zai koya wa yaro gane tunanin da ke tayar masa da hankali da hanyoyin kwantar da shi. Ƙwaya kuwa sai likita ya ga akwai bukata. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, akwai kuma sashen a asibitocin koyarwa. Zuwa can ba ya nufin ɗanka ya haukace. A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin mai neman magani.

Mun san abin da wasu ke faɗa a zuci: malamin da ke gaban yara ɗari, albashinsa bai kai ƙarshen wata ba, ina ya ga sararin karanta fuskar kowa? Gaskiya ne, kuma nan ne maganar ta dawo kan ƙungiya. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ta kuma tanadi malaman ba da shawara a makarantu. Mu da muka yi kwalejin ilimi mun karanta darasin halayyar yara da na ba da shawara, muka ci jarrabawa, muka fito muka tarar da ajin da ko wurin taka ƙafa babu. Saboda haka muna roƙon reshe ya sa abubuwa uku cikin bukatun da yake kai wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da ta jiha. Na ɗaya, kowace makaranta ta sami aƙalla malami ɗaya da malama ɗaya da aka horar kan gane waɗannan alamu, a kuma rage musu darasi don su sami lokacin yara. Na biyu, a samar da rubutacciyar hanya tsakanin makaranta da asibitin da ke kusa, domin hedimasta ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Na uku, a ware zama ɗaya a taron iyaye da malamai na kowane zango don wannan magana. Cunkoson aji kuwa, in mun je neman a rage shi, mu riƙa faɗin cewa lafiyar yara na cikin abin da yake ci.

Kada kuma mu manta da kanmu. A cikinmu akwai waɗanda suka baro makarantun da aka rufe, akwai waɗanda aka sace musu 'yan'uwa, akwai waɗanda suka taso a hannun mai duka suka zo suna maimaita abin da aka yi musu ba da saninsu ba. Malamin da bai yi barci ba shi ma hannunsa yana saurin kai wa ga bulala. In mun ga alamomin nan shida a jikinmu, neman taimako ba gazawa ba ne.

Yarinyar da muka fara da ita, malamar da ta ga hannunta ce ta raka mahaifiyarta asibiti. A aji kuma abin da muka yi kaɗan ne. Mun mayar da ita kusa da ƙofa inda take ganin waje, mun daina buga tebur, mun yarda in ƙirjinta ya cika ta ɗaga hannu ta fita wajen malamar ba tare da bayani ba. Ba ta warke a zango ɗaya ba, an sha komawa baya, amma ta rubuta jarrabawar fita da sauran 'yan ajinsu ta wuce sakandare. Bulalar da muka yi mata a kan gyangyaɗi kuwa, mun nemi gafararta, muna kuma neman ta Allah.

Ranar Litinin kowannenmu zai buɗe rajista ya kira suna. Muna roƙon mu riƙa ɗaga kai muna duban mai amsawa. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu, ya kuma ba mu ikon riƙe amanar da aka danƙa mana.